Zaɓe Daga Ƙetare: Tambayoyi da Amsoshi Ga Wanda Ke Nesa da Akwatinsa

Da zarar kakar zaɓe ta kama, wayoyi kan ɗauki zafi tsakanin gida da waje. Mai shago a Abijan, ɗalibi a Alƙahira, direba a Jidda, ma'aikaciyar jinya a Manchesta, kowa na bibiyar kamfe kamar a ƙofar gidansu ake yi, wani ma har da aiko da kuɗin fosta. Ranar zaɓe kuwa sai ido. Tambayoyin da ke ƙasa su ne aka fi maimaitawa a kan wannan batu. Na fi ba Najeriya ƙarfi domin a can ƙofar take rufe ruf, na kuma leƙa Nijar da Gana da Kamaru da wasu ƙasashen da suka gwada hanyoyin.

Ni ɗan Najeriya ne mazaunin waje. Zan iya zuwa ofishin jakadancinmu in jefa ƙuri'a?

A'a. Tun da aka dawo mulkin farar hula a 1999 har zuwa zaɓen 2023, ba a taɓa kafa rumfar zaɓen Najeriya ko ɗaya a wajen ƙasar ba. Rumfuna 176,846 da ke cikin jerin hukumar INEC a 2023 duk a cikin gida suke. Ba a aiko da ƙuri'a ta gidan waya, ba a wakilta wani, ba a yi ta intanet. Shi kansa jakadan, in yana son dangwalawa, sai ya hau jirgi ya dawo mazaɓarsa.

Kada mazaunin waje ya ɗauka shi kaɗai aka bari a baya. A wannan zaɓen na 2023, ɗan sandan da aka tura gadin akwati a wata jiha, da ɗan bautar ƙasa da ke riƙe da na'ura a rumfa, da ɗan jaridar da ke yawon ɗauko rahoto, akasarinsu ba su yi zaɓe ba, domin mutum ba ya zaɓe sai a rumfar da sunansa yake, kuma a ranar da kowa ke yi.

Wace doka ce ta hana? Ko INEC ce kawai ba ta so?

Maganar ta wuce INEC. Sashe na 77(2) na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce wanda ke da haƙƙin a yi masa rajistar zaɓe shi ne ɗan ƙasa da ya kai shekara 18, wanda ke zaune a Najeriya lokacin da ake rajistar. Sashe na 117(2) ya maimaita haka ga majalisun jihohi. Sauran sassan da suka yi magana a kan zaɓen shugaban ƙasa da na gwamna kuma a kan wannan rajistar suka jingina: wanda ya yi rajistar zaɓen 'yan majalisa shi ne zai zaɓi shugaba da gwamna. Kalmomin nan na zama a Najeriya su ne sakatar ƙofar.

Farfesa Mahmood Yakubu, wanda ya shugabanci INEC daga 2015 zuwa 2025, ya sha faɗin cewa hukumar a shirye take da zarar an gyara doka. Wasu mazauna waje sun garzaya Babbar Kotun Tarayya a Abuja gab da zaɓen 2023 suna neman a dakatar da shi har sai an saka su, kotun ta kori ƙarar bisa cewa dokokin da ake da su ba su tanadi hakan ba, kuma gyara doka aikin majalisa ne.

To ba a taɓa yunƙurin gyarawa ba?

An yi, ba sau ɗaya ba. Wanda aka fi tunawa shi ne na 1 ga Maris 2022, ranar da Majalisar Dattawa da ta Wakilai suka kaɗa ƙuri'a a kan jerin gyare-gyaren tsarin mulki. Ƙudurin zaɓen mazauna ƙetare ya sha ƙasa a majalisun biyu. An sake kawo shi a majalisa ta goma, har da sunan Kakakin Majalisar Wakilai Tajudeen Abbas cikin masu ɗaukar nauyinsa.

Gyaran tsarin mulki ba a yinsa da rinjaye mai sauƙi. Sashe na 9 ya buƙaci kashi biyu bisa uku na kowace majalisa a Abuja, sannan majalisun dokoki na jihohi 24 cikin 36 su amince. Don haka idan ka ga kanun labari cewa ƙuduri ya tsallake karatu na biyu, kada ka soma guga rigar zuwa ofishin jakadanci. Karatu na biyu bakin kogi ne, ba a ma tsoma ƙafa ba.

Idan na dage sai na yi zaɓe, yaya zan yi?

Ka dawo gida, kuma ka sani tafiyar ba ɗaya ba ce. Dokar zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 da ita, ta yarda mutum ya yi rajista a inda yake zaune, ko inda yake aiki, ko inda ya fito asali, matuƙar ya bayyana da kansa gaban jami'in rajista. A nan za a ɗauki hotonka da zanen yatsunka. Katin ba ya fitowa a ranar, sai bayan wani lokaci, kuma ba a ba wani ya karɓar maka. Sannan ga ranar zaɓen kanta.

Dubi yadda aka yi a zagayen zaɓen 2023: an rufe rajista ranar 31 ga Yuli 2022, an rufe karɓar kati ranar 5 ga Fabrairu 2023, aka yi zaɓen shugaban ƙasa ranar 25 ga Fabrairu. Wanda bai taɓa rajista ba kenan sai ya zo da damina, ya sake zuwa da hunturu ya zauna makonni uku, ko ya yi sahu uku. Ɗan kasuwar da ke zirga-zirga tsakanin Maraɗi da Jibiya ba zai ji komai ba. Ɗalibin da ke Malesiya kuwa, kuɗin jirgin kaɗai ya isa ya sa shi haƙura. Wanda ya riga ya mallaki kati shi ne mai sa'a, domin katin ba ya ƙarewa. Sai dai ya duba sunansa a shafin hukumar ya tabbatar ba a sauya masa rumfa ba.

Abu biyu ga mai sayen tikiti. Na farko, ana rufe iyakokin ƙasa a hana zirga-zirga ranar zaɓe, don haka ka iso garinku da kwana biyu ko uku a hannu. Na biyu, ranar zaɓe a Najeriya tana motsi. A 2015 an ɗage daga 14 ga Fabrairu zuwa 28 ga Maris. A 2019 cikin daren jajibiri aka sanar da ɗagewa daga 16 zuwa 23 ga Fabrairu, mutane sun riga sun kwana a garuruwansu. A 2023 zaɓen gwamnoni ya tashi daga 11 zuwa 18 ga Maris. Ka sayi tikitin da ake iya sauya wa rana, ko da ya ɗan fi tsada.

Na ji an ce ana rajista ta intanet. Ba zan iya gamawa daga nan ba?

Rabin aiki ne. Tun Yunin 2021 INEC ta buɗe shafin da mutum zai cike bayanansa ya zaɓi ranar zuwa ofis. Ɗaukar yatsu da fuska sai ka je da ƙafarka. Wanda ya cike fam a intanet bai je ba, sunansa bai shiga rajista ba.

Ƙanena muna kama sosai. Zan iya ba shi katina ya jefa mini?

Kul. Na'urar BVAS yatsa ko fuska take dubawa, kuma zaɓe da katin wani laifi ne da ake gurfanar da mutum a kansa. Za ka jefa ƙaninka cikin rigima saboda ƙuri'a ɗaya.

Su sauran ƙasashe, ta waɗanne hanyoyi suke ba mutanensu dama?

Hanyoyi huɗu ne. Mafi yaɗuwa, musamman a Afirka, ita ce a kafa akwati a ofishin jakadanci ko wani zaure da aka yi haya, mutane su zo su yi layi kamar a gida. Sai aikawa ta gidan waya. Sai wakilci, inda za ka ba wani amintacce izini a rubuce ya jefa maka a mazaɓarka, kamar yadda ake yi a Birtaniya da Faransa. Sai kuma intanet, wadda aka fi surutu a kanta amma aka fi ƙarancin amfani da ita.

Ta gidan wayar ta cancanci a ɗan tsaya a kanta, domin da yawanmu ba mu taɓa ganinta ba. Takardar ƙuri'a kan zo da ambulan biyu. Ka yi alama a gaban wanda kake so, ka naɗe, ka saka a ƙaramin ambulan ka liƙe. Shi ƙaramin ka saka cikin babba tare da wata takarda mai ɗauke da sa hannunka. A ofishin zaɓe ma'aikaci zai gwada sa hannun da wanda ke fayil. In ya yi daidai, sai a raba takardar shaidar da ƙuri'ar, ita ƙuri'ar ta shiga cikin tarin 'yan uwanta. Da haka an san ka yi zaɓe, ba a san wa ka zaɓa ba. Dabara ce mai kyau, amma duk ta rataya ne a wuyan gidan waya. Inda wasiƙa ke yin wata guda a hanya, ƙuri'ar kan iso bayan an rantsar da wanda ya ci.

Gaskiya ne 'yan Nijar mazauna waje har 'yan majalisa suke da su?

Gaskiya ne, haka tsarin yake kafin juyin mulkin 2023. Nijar na da jihohi takwas, wato Agadas, Difa, Dosso, Maraɗi, Tawa, Tilaberi, Damagaram da Yamai, sai aka ɗauki mazauna ƙetare a matsayin jiha ta tara. Cikin kujeru 171 na majalisar dokoki an ware musu biyar, kuma sun yi zaɓe a 2016.

Sai dai abin bai tafi sumul ba. A zaɓen Disamban 2020 hukumar zaɓe ta CENI ba ta yi musu sabuwar rajista ba saboda annobar korona ta rufe hanyoyi, kujerun biyar suka zauna babu kowa fiye da shekara biyu. Sai ranar 18 ga Yuni 2023 aka yi zaɓen cike su. Ba a yi kwana arba'in ba sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yuli, majalisar ta tafi da tsarin mulkin gaba ɗaya. Waɗanda aka zaɓa ko ɗumama kujerun ba su yi ba.

Duk da haka, abin lura ne cewa ƙasar da ba ta kai Najeriya kuɗi ko yawan ofisoshin jakadanci ba ta iya shirya wannan. Duk wanda ya ce maka rashin kuɗi ne kaɗai ke hana Najeriya, ka tuna masa da Nijar.

Gana da Kamaru fa?

Gana darasi ce ga masu ganin da an sa hannu a doka shi kenan. Tun 2006 majalisarta ta yi dokar da ake kira ROPAA, wadda ta ba kowane ɗan ƙasa mazaunin waje damar rajista da zaɓe. A Disamban 2017 wata babbar kotu a Akara ta ba hukumar zaɓe wata goma sha biyu ta aiwatar. Aka yi zaɓen 2020, aka yi na 2024, talakan ɗan Gana da ke waje bai ga akwati ba.

Kamaru ta yi tata dokar a 2011, kuma ana zaɓe a ofisoshin jakadancinta, amma na shugaban ƙasa da ƙuri'ar raba gardama kawai. Ga kuma tarko: Kamaru ba ta yarda baligi ya riƙe ƙasa biyu ba, don haka wanda ya karɓi fasfon wata ƙasa ya fita daga lissafi.

Senegal ta fi su nisa, tun 2017 kujeru 15 cikin 165 na mazauna waje ne. Afirka ta Kudu kotun tsarin mulki ce ta buɗe ƙofar a 2009. Kenya ta bi a hankali: ƙasashe huɗu na maƙwabta a 2013, aka ƙara Afirka ta Kudu a 2017, suka kai 12 a 2022, kuma shugaban ƙasa kaɗai ake zaɓa. Indiya kuwa, duk da ɗimbin mutanenta a ƙasashen Larabawa, ta yarda su yi rajista amma sai sun koma gida za su jefa, kusan irin halin da muke ciki.

Na zama ɗan Amurka, amma yanzu na dawo Kaduna da zama. Ina da ƙuri'a a zaɓensu?

Kana da ita. Wata doka ta 1986 mai suna UOCAVA ta ba sojoji da fararen hular Amurka da ke waje damar zaɓen shugaban ƙasa da 'yan majalisar tarayya. Jihar da ka zauna a ƙarshe kafin ka baro ita ce mazaɓarka, ko da ka sayar da gidan, ko da ba ka da niyyar komawa.

Za ka cike fam ɗin da ake kira FPCA, wanda shi ne rajista kuma shi ne neman a aiko maka da takardar ƙuri'a, ka tura wa ofishin zaɓen gundumarka. Ana son a sabunta shi kowace Janairu da duk sanda ka sauya adireshi. Wata doka ta 2009 ta wajabta wa jihohi su aika da takardun aƙalla kwana 45 kafin zaɓe, kuma kana iya neman a turo maka ta imel ka buga. Mayarwar ce ta bambanta: wasu jihohi sai ta ambulan, wasu sun yarda da imel ko faks, amma a irin wannan sai ka sa hannu cewa ka yafe sirrin ƙuri'arka. Ofishin jakadancinsu a Abuja da ƙaramin ofishin da ke Legas kan karɓi ambulan su saka a jakar wasiƙunsu, amma ka kai da wuri. Idan lokaci ya ƙure takardar ba ta zo ba, akwai ta ko-ta-kwana mai suna FWAB wadda za ka rubuta sunan ɗan takarar da hannu. Ɗanka da aka haifa a nan, mai fasfon Amurka amma bai taɓa zama can ba, hukuncinsa na hannun jihar da iyayensa suka fito.

(Tun 1997 jihar Texas ta yi dokar da 'yan sama jannati ke zaɓe daga sararin samaniya. Wanda ke kewaya duniya a kumbo na da hanya, wanda ke Birnin Ƙonni yana hango Illela ba shi da ita.)

Birtaniya fa?

A da, ɗan Birtaniya da ya wuce shekara 15 a waje ya rasa ƙuri'arsa. An cire wannan iyakar a Janairun 2024. Ana rajista a mazaɓar da mutum ya zauna a ƙarshe, a riƙa sabuntawa duk shekara uku. Ba a zaɓe a ofishin jakadanci, sai ta gidan waya ko wakilci. Ga wanda ke yankinmu wakilcin ya fi tabbas, domin ba a buga takardun sai an rufe karɓar sunayen 'yan takara, makonni kaɗan kafin zaɓe.

Akwai wani abin da yawancin sababbin zuwa ba su sani ba. Ɗan ƙasar da ke cikin ƙungiyar Kwamanwel, kamar Najeriya da Gana da Kamaru, in yana zaune a Birtaniya da izinin zama, yana da damar rajista ya zaɓi ɗan majalisar Birtaniya ko da bai karɓi fasfonsu ba. Wato Bakatsinen da ke karatu a Lidis zai iya taya Turawa zaɓen wanda zai mulke su, amma ba shi da bakin magana a kan wanda zai zauna a fadar Aso Rock.

Akwai ƙasar da ake zaɓe ta intanet da gaske?

Akwai, kuma Estoniya ce uwa a fagen. Ta fara a zaɓen ƙananan hukumomi na 2005, ta kai shi zaɓen majalisa a 2007, kuma a 2023 fiye da rabin ƙuri'un ta intanet aka kaɗa su. Kowane ɗan ƙasa na da katin shaida mai ƙwaƙwalwa da lambobin sirri biyu, ɗaya na shiga, ɗaya na sa hannu. Ana buɗe zaɓen na kwanaki, kuma mutum na iya sake jefawa sau nawa ya ga dama, ta ƙarshe ce za a ƙirga. In ya je rumfa ya jefa ta takarda, ita ce ke shafe sauran. Hikimar ita ce, wanda aka tsaya a kansa aka tilasta shi da rana zai iya gyarawa da dare. Amma a riƙa tunawa mutanen ƙasar duka kusan miliyan 1.3 ne, ba su kai ko rabin birnin Kano ba, kuma sun shafe shekaru suna komai na gwamnati da wannan kati.

Faransa na barin mutanenta na waje, waɗanda ke da kujeru 11 a majalisa tun 2012, su zaɓi wakilansu ta intanet, amma ban da zaɓen shugaban ƙasa. A 2017 ta dakatar saboda tsoron masu kutse, ta dawo da shi a 2022. Ko a wannan karon sai da kotun tsarin mulki ta soke sakamakon mazaɓu biyu, domin saƙon tes mai ɗauke da lambar sirri bai isa wayoyin masu zaɓe da yawa ba. Ɗaya daga cikinsu ita ce mazaɓar da ta haɗa arewacin Afirka da wani ɓangare na yammacinta, har da Nijar. Filifin ma ta koma intanet ga mazauna waje a zaɓen 2025.

Waɗanda suka ja da baya su ma ba kaɗan ba ne. Nowe ta gwada a 2011 da 2013 ta ajiye. Suwizalan ta tsaya a 2019 bayan masana sun gano ɓaraka a manhajar, sai 2023 ta dawo da gwaji a 'yan yankuna. A jihar New South Wales ta Ostareliya manhajar ta tsaya cak ranar zaɓen ƙananan hukumomi a Disamban 2021, kotu ta soke sakamako a wurare uku. Gani ga wane, an ce, ya ishi wane tsoron Allah.

Amma ina tura miliyoyi ta waya ba sa ɓata. Me ya sa ƙuri'a ɗaya za ta gagara?

Wannan ce tambayar da aka fi yi da zafi, kuma tana da amsa. Kuɗin da ka tura da sunanka yake tafiya. Kai kana da alat, wanda ka tura wa yana da alat, banki na da rikodi. In aka yi kuskure ko aka yi maka kutse, za ka ga ma'ajinka ya ragu, ka je ka tayar da jijiyar wuya har a bi sawu. Ƙuri'a kuwa dole a raba ta da sunan mai ita, kuma ba a ba ka rasit ɗin da zai nuna wa ka zaɓa, domin ranar da aka fara bayar da shi, ranar kasuwar ƙuri'a ta samu takardar ciniki. To idan wata muguwar manhaja a wayarka ta sauya zaɓinka kafin ya fita, wa zai kai ƙara? Kai ba ka sani ba, hukuma ba ta sani ba. Mai satar akwati a rumfa ƙuri'u ɗari biyu ko uku zai gudu da su, kuma a gaban jama'a. Mai kutse yana iya taɓa dubu ɗari daga ɗakinsa a wata nahiya.

Ni abin da ya fi damuna ma ba ɓarawon nesa ba ne, na kusa ne. Tun 2018 INEC ta hana shiga da waya wurin dangwalawa, don kada a ɗauki hoton ƙuri'a a je a karɓi kuɗi. Zaɓen intanet kuwa wayar ce rumfar gaba ɗaya. Ka ƙaddara ɗaki guda da 'yan ci-rani goma sha biyu ke kwana, ubangidan da ya kawo su, wanda fasfonsu ke aljihunsa, ya shigo bayan isha'i ya ce kowa ya fito da wayarsa a gama abin nan yanzu. Wa zai ce a'a? Ko maigida ya tara matansa da 'ya'yansa a falo. Ɗan labulen nan na kwali da muke rainawa a rumfa, shi ne kaɗai wurin da yaron gida ke iya saɓa wa ubangidansa ba tare da an sani ba.

Akwai kuma batun yarda. A 2009 kotun tsarin mulkin Jamus ta hana amfani da na'urorin zaɓen da ake da su a lokacin, bisa hujjar cewa dole talaka ya iya bin yadda aka ƙirga ba sai yana da ilimin kwamfuta ba. A wurinmu, inda ake ƙirga takarda ɗaya bayan ɗaya da ƙarfi a gaban ejan-ejan amma duk da haka a ƙare a kotu, ka yi tunanin ranar da za a ce kwamfuta ce ta faɗi adadin.

To BVAS da IReV ba zaɓen intanet ba ne?

Ba shi ba ne. BVAS tantance mai zaɓe take yi, ta kuma ɗauki hoton takardar sakamako. IReV shafi ne da ake ɗora hoton kowa ya gani. Ƙuri'ar kanta takarda ce da tawada. Ko na'urorin da jihar Kaduna ta yi amfani da su a zaɓen ƙananan hukumomi na 2018 da 2021, sai mutum ya je rumfa ya latsa da yatsansa.

Me masu adawa da zaɓen ƙetare ke tsoro?

Wasu dalilan na son kai ne, domin ɗan siyasa ba ya son mai zaɓen da ba zai iya kai wa taliya da atamfa ba. Amma wasu na da nauyi. Jakada shugaban ƙasa ne ke naɗa shi, sau da yawa ma ɗan jam'iyya ne; wa zai yarda akwati ya kwana a ofishinsa? Ƙaramar jam'iyya za ta iya tura ejan Jidda da Landan da Duwala a rana ɗaya? In aka yi maguɗi a wata ƙasa, 'yan sandan wa za su kama mai laifin? Sannan sashe na 134 na tsarin mulki ya ce sai ɗan takara ya samu kashi ɗaya bisa huɗu na ƙuri'u a kashi biyu bisa uku na jihohi. Ƙuri'ar da aka jefa a Dubai, ta wace jiha ce?

Mafi wuya shi ne waye ɗan ƙasa. Sashe na 25 ya ce wanda aka haifa a waje, in ɗaya daga cikin iyayensa ɗan Najeriya ne, shi ma ɗan ƙasa ne. A kan ɗan likitan da aka haifa a Shikago wannan ba ya da wuya, takardu na nan. Amma mu Hausawa tafiyarmu ta girmi iyakokin. Akwai zuriyar fataken goro a zangon Kumasi, akwai mutanen unguwar Birketeri a Yawunde, akwai jikokin alhazan ƙafa da suka yada zango a Sudan, da mutanen Mai Wurno a gaɓar kogin Nilu, waɗanda kakanninsu suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, tun kafin a haɗe Najeriya a 1914. Da yawansu 'yan ƙasashen da suke zaune ne, harshe da asali ne suka haɗa mu. Wasu kuma 'yan Najeriya ne na haƙiƙa da ba su taɓa riƙe fasfo ba. Duk tsarin da aka gina a kan fasfo kaɗai, mutanen Landan da Hustan zai ɗauka ya zubar da na Agadas da Njamena.

Ƙuri'un waje za su iya sauya wanda ya ci?

Ya danganta da yadda aka buɗe ƙofar. A Kenya, duk da yawan mutanenta a waje, waɗanda suka yi rajista a 2022 dubu goma ne da 'yan kai, domin mutum sai ya yi tafiyar sa'o'i zuwa ofishin jakadanci sau biyu. A Maldoba kuwa, a 2024, ƙuri'un waje ne suka rinjayar da ƙuri'ar raba gardama kan shiga Tarayyar Turai, su ne kuma suka tabbatar wa shugabar ƙasa Maia Sandu kujerarta a zagaye na biyu. A Najeriya tazarar da ke tsakanin Bola Tinubu da Atiku Abubakar a 2023 kusan miliyan 1.8 ce, cikin masu rajista sama da miliyan 93 da ko kashi 30 cikin ɗari ba su fito ba. Kowane ɗan majalisa ya iya wannan lissafin, shi ya sa hujjar cewa mazauna waje na aiko da kusan dala biliyan 20 a shekara ba ta motsa su.

A ganinka ta ina ya kamata a fara?

Da takarda da akwati, a zaɓen shugaban ƙasa kaɗai, kamar yadda Kenya ta yi. Ma'aikatan INEC su tafi da kayansu su gudanar, ofishin jakadanci ya ba da wuri kawai, a ƙirga a nan take a gaban ejan a liƙa sakamako a bango. Kuma jerin biranen farko kada ya tsaya a Landan da Washintan. A saka Yamai da Akara da Jidda da Yawunde, inda talakawanmu suke. A bar maganar intanet tukuna.

Kafin nan, me zan tanada?

Lambar NIN, wadda ake yi a cibiyoyi a ƙasashe da dama kuma sai da ita ake sabunta fasfo. Fasfon da bai mutu ba. Ka rubuta sunanka a ofishin jakadancin da ke kusa da kai, domin ƙasashen da ke zaɓe a waje galibi daga wannan rajistar suke farawa. 'Ya'yan da aka haifa maka a can ka yi musu takardun gida tun suna ƙanana. In kuma ka zo hutu ko bikin salla ka tarar ana rajistar masu zaɓe, ka ware safiya ɗaya ka je a ɗauki yatsunka, ka kuma tambayi jami'in watan da katin zai fito don ka daidaita zuwanka na gaba da shi.